Sitikar da Ta Rufe Sunana

Tun da na dawo daga Malaysia ba ku bar ni na huta ba. A gidan suna a tambaye ni, a layin asibiti a tambaye ni, a guruf ɗinmu na mata masu sana'ar hannu kuwa kullum sai wata ta rubuto, "Anti Rabi, har yanzu fa muna jiran labari." Ni kuma in ce lafiya lau, an gode Allah, in kawo wata maganar. To yau zan faɗa sau ɗaya, wadda ta ƙara tambayata sai in tura mata rubutun. Amma ba labarin dogayen benaye za ku ji ba. Na gan su, dogaye ne, shi ke nan.

Saboda waɗanda ba su san ni ba, a Kurna nake zaune a Kano, kuma shekara tara ke nan ina aikin manna takarda, wanda 'yan boko ke kira dikofaj. Kafinta ya yi min tiren katako ko ƙaramin akwati, in goge shi da samfefa, in shafa fenti. Sai in ɗauko tishu mai zane, in ɓare bayansa har ya rage falle ɗaya, in yage gefensa da jiƙaƙƙen buroshi, don almakashi yana barin layi. In manna da gam, in bari ya bushe, sannan banish: a shafa, a bari ya bushe, a goge, har sau goma sha biyu. Idan aiki ya yi, sai ki shafa yatsa ki kasa gane inda takarda ta ƙare katako ya fara. A waya na koya, wurin matan Turkiyya da nake kallon bidiyonsu ba tare da ina jin ko kalma ɗaya ta yarensu ba. Daga baya na gaji da furanninsu, na koma kai zanen lalle da na ƙwarya ana buga min a siririyar takarda, ina ɗorawa a kan shuɗi irin na rinin baba. Kowane tire kuma, kafin banish na farko, sai na juya bayansa na rubuta "Rabi, Kano". A ƙarƙashin banish nake sa shi don kada ruwa ya wanke. In aka cire 'ya'yana, ba ni da abin da nake ji da shi kamar wannan ɗan rubutun.

Nura ɗan ƙanen babana ne. Karatu ya kai shi Kuala Lumpur, kasuwa ta riƙe shi. Shekara biyu ina tura masa tire ta jirgin kaya, kullum maganarsa ɗaya ce: "Yaya, kayanki suna tafiya, ki ƙaro." A Kano kuwa sai mace ta juya tirena sau biyar ta taya shi kuɗin roba. Don haka da ya ce za a yi baje kolin sana'ar hannu, ya kama rumfa, in zo mutane su ga mai aikin da idonsu, ban yi shawara da kowa ba. Na ɗinka kaya kala uku, na buga kati mai sunana, na kammala sababbin tire goma sha biyu da ban taɓa yin kamarsu ba. Na ce yau sunan da ke bayan tire zai dawo gaba.

Ɓarnar farko tawa ce. Na sa gwangwanin banish da robar gam a jakar hannu, wai don kada su zube a cikin kaya. A filin jirgin Kano ma'aikaciyar da ke binciken jaka ta ɗaga su ta ce, "Hajiya, wannan ba ya hawa jirgi." Na yi magiya, na yi bayani, ina! Nan na bar su. Da ta buɗe kwalin tire kuwa sai ta ce, "Kai, masha Allah! Mutane na shigo da irin wannan, ke kina fita da shi? Daga Dubai?" Na ce ni na yi, a Kurna. Ta yi dariya ta ce, "Haba Hajiya," ta rufe kwalin. A lokacin har daɗi na ji, na ɗauka yabo ne.

Mun yada zango a Addis Ababa, inda sanyi ya sa na naɗe da mayafi kamar mai jego, aka kuma ba mu wani burodi mai tsamin kwanannen koko. Daga nan sai doguwar tafiyar da ƙafata ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Da silifas ɗin alwala na sauka a ƙasar mutane, ni da na ɗinka kaya kala uku.

A wurin buga biza, ana ganin koren fasfo sai aka ware mu gefe, mu bakwai. Mun fi awa biyu a wani ɗaki mai sanyi, ba wanda ya zage mu, ba kuma wanda ya ce mana sannu. Da aka zo kaina, wata ma'aikaciya mai ɗankwali ta tambayi abin da ya kawo ni. Turancina na aji uku ya gudu, sai kawai na miƙa mata katina da takardar Nura. Ta karanta sunan a hankali, ta yi murmushi, ta buga min hatimi. Ita ce mutum ta farko da ta karɓi katin nan, kuma ba don ciniki ba.

Nura na jirana a waje, ya yi ƙiba, Hausarsa ta cakuɗe. "Yaya, welcome! Kin gaji ko? Mu je ki makan lah." Makan wai cin abinci, lah kuwa ado ne da suke liƙa wa ƙarshen magana. Muna fita na ji iskar garin ta rufe ni. Zafin Kano ƙona mutum yake, nasu kuwa dafa shi yake yi a hankali, kamar kin leƙa tukunyar dambu.

A unguwar Sentul yake zaune, hawa na goma sha tara. Matarsa ta taho gida haihuwa, don haka ba a ɗora tukunya, komai sai an ƙunso daga waje, abin da suke kira tapau. Maƙwabcinsa na dama Ba'indiye ne, na hagu ɗan Sin da ke kunna turare a bakin ƙofa, kowa takalmansa jere a waje, ba mai ɗaukar na wani. Wannan na yaba. Abin da ban yaba ba shi ne rashin gaisuwa. A cikin lif na ce wa wata mata ina kwana da Turanci, sai ta gyara riƙon jakarta. Kwana tara na yi a benen nan, ba wanda ya tambaye ni ya gajiyar hanya.

Abinci kuwa sai haƙuri. Da sassafe Nura ya kawo shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, da 'yan mitsi-mitsin busassun kifi, da gyaɗa, da wani jan yaji. Na kai loma sai na ji sukari. Sukari a cikin yaji! Na ce Nura, waɗannan mutanen wa ya ɓata musu rai? Abin da ya cece ni shagon mamak, wato Indiyawa Musulmi masu shayi, inda ake yin wani fanke mai laushi da shayin da ake ɗagawa sama ana zubawa kamar na mai shayin bakin titinmu. A kasuwar Chow Kit kuma ya sa na shinshina wani ɗan itace mai ƙaya da suke mutuwar so. Daga ranar na daina jin kunyar warin daddawa a gaban baƙi.

Ɓarna ta biyu ita ma ta sana'a ce. A Kano, in na yi banish na ƙarshe, mako ɗaya ya isa in naɗe tire a leda in ɗaure. Haka na yi. Ashe damshin garin nan ba ya barin banish ya zauna lafiya. Da na buɗe kwali, tire biyu sun yi danƙo, leda ta manne a fuskarsu ta bar tabo. Gyaran ba wuya, gogewa ce da shafa ɗaya, amma banish ɗina yana can Kano a hannun ma'aikaciya. Nura ya ce in kwantar da hankali, za a samu.

Kwana uku ina cewa ya kai ni shagonsa, yana kai ni yawo. Yau masallaci, gobe kanti. Rana ta huɗu na sa mayafi na tsaya a bakin ƙofa na ce ko ya kai ni ko in tambayi hanya. Muka hau jirgin ƙasa zuwa Masjid India, unguwar 'yan yadi da abaya, muka hau wani siririn bene. Ina shiga na ga bango guda cike da aikina, an haska shi da fitilu. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Ban taɓa ganin tirena an rataye shi da mutunci haka ba. Na ciro ɗaya, na juya bayansa don in gaisa da sunana.

Babu shi. Wata zagayayyiyar sitika ce a wurin, mai hoton shuɗin ido, an rubuta da Turanci wai aikin hannu ne daga Turkiyya. Na ciro na biyu, na uku, duk haka. Na sa farce na ɗaga gefen sitikar, ga "Rabi, Kano" nan a ƙasa, lafiyarsa ƙalau.

Na ce, "Nura, mene ne wannan?"

Ya sosa ƙeya. "Yaya, relax lah. Marketing ne kawai."

"Sunana ne ka rufe."

"Yaya, ki tsaya ki ji. Customers ɗina su waye? Mutanenmu ne. Hajiyoyin da suka zo graduation, da masu haɗa kayan ɗakin 'ya'yansu. Mace ta yi awa goma sha biyar a jirgi, kina ganin za ta koma da kayan Kurna? Wata uku na farko da sunanki na rataye su, ko ɗaya ban sayar ba. Na sa sticker, sati biyu suka ƙare. Ni na yi mutanen?"

Na tambaye shi to me ya sa ya ɗauko ni tun daga Kano. Nan ya faɗi sauran. So yake in zauna a rumfa ina aiki a gaban jama'a, shi kuma yana cewa a Istanbul aka horar da ni. Har ya buga allo. Na ce ni ko Kaduna ban taɓa zuwa koyon aiki ba, kuma ba zan yi ƙarya da furfurata ba. Muka yi ta yi, shi yana lah, ni ina wallahi. A ƙarshe muka raba teburin rumfar biyu: gefensa tsofaffin tire masu sitika, gefena sababbi goma sha biyu da katina. Ya ce, "Boleh, na yarda. Ki gwada ki gani da idonki." A raina na ce zan ba yaron nan kunya.

A wani babban zaure cikin kanti aka yi baje kolin, kwana biyu. Matan Malay da yadinsu na batik, masu saƙar tabarma, masu sabulu. Rumfa ta uku daga tamu ta wata Baturkiya ce, dattijuwa mai tabarau, sunanta Hatije, ni dai Hadiza nake ce mata. Tana da wani aiki da na tsaya kallo baki buɗe: ta yayyafa fenti a kan ruwa mai kauri, ta ja shi da tsinke ya zama fure, ta shimfiɗa takarda a kai ta ɗaga, furen ya biyo takardar. Tana kuma yin irin aikina. Da na hango gwangwanin banish a ƙarƙashin teburinta, sai na ɗauki tirena biyu masu tabo na je roƙo, da guntun Turancina da nata.

Ba ta ba ni nan take ba. Ta karɓi tiren, ta cire tabarau ta kawo shi dab da ido, ta bi gefen zanen da babban yatsa tana neman bakin takarda. Ta bi sau biyu ba ta samu ba. Ta tambaye ni shafa nawa, na nuna mata goma sha biyu da yatsu. Ta nuna zanen ƙwarya ta ce wannan fa, na ina ne? Na ce na kakata ne, a ƙwaryar furarta na kwafo. Ta juya bayan, ta karanta, "Rabi, Kano," ta dafa ƙirjinta ta ɗan sunkuya min. Shekara tara ina jiran wanda zai duba aikina ta inda ake duba shi, sai ga shi na samu a wurin wadda ba ma jin maganar juna.

Ita ta rako ni rumfarmu da banish ɗin a hannunta, nan ta ga allon Nura da sitikunsa. Fuskarta ta canza. Ta ɗaga tire ɗaya ta ce masa da ƙarfi wannan ba nasu ba ne, su ba sa haɗa shuɗi haka, kuma mai aikin ga ta nan tsaye, me ya sa zai ba ƙasarta abin da ba ta yi ba? Nura ya yi ta murmushi yana "sorry, madam." Tana juya baya ya gyara zaman allonsa.

Bayan azahar sai ga mutanenmu, Hajiyoyi uku, ana jin Hausarsu tun daga nesa. Gefena suka fara tsayawa, don sababbin sun fi kyau, wannan ko Nura bai musa ba. Babbar cikinsu ta ware shida ta tara a gabanta tana cewa, "Kai, Turkawan nan! Ji har zanen lalle sun iya." Ban bari Nura ya buɗe baki ba. Na gaishe su, na miƙa kati, na ce, "Hajiya, ni na yi su da hannuna. A Kurna nake."

Babbar ta dube ni. Ta juya tiren ta karanta bayan. "Ikon Allah. Ashe na gida ne." Ta ajiye shi a hankali, ta janye hannunta daga sauran biyar ɗin. "Sannu da ƙoƙari. To ai tunda kina Kano, in mun koma ma neme ki, ba sai mun yi dakon kaya ba." Suka matsa taku biyu zuwa gefen Nura, suka ɗauki huɗu masu sitika, aikin hannuna na bara, waɗanda ban ma gama ƙwarewa ba lokacin da na yi su. Ba su taya ba. Katina kuwa a kan teburin suka bar shi.

Haka aka yi ta yi har aka tashi. Gefen Nura ya ƙare tas. Ni tire uku suka bar hannuna: wata Bamalaya ta sayi biyu, Hadiza ta karɓi mai zanen ƙwarya ta ba ni takardar furenta a madadinsa. Nura bai yi min dariya ba, da ma ya yi da na samu abin faɗa. Ranar da zan taho ya raka ni filin jirgi, ya tura wani abu cikin aljihun jakata ya ce, "Yaya, ko ba yanzu ba." Sai a jirgi na duba, naɗin sitika ne guda. Na so in jefar, ban ga inda zan jefa ba, na bar shi.

Wata biyu da dawowata, Hajiya Lami maƙwabciyarmu ta aurar da 'yarta, muka je ganin jere. Hajiya Lami ta san sana'ata sarai, ta taɓa taya tirena har muka yi kwana biyu ba ma gaisawa. Muna shiga falon amarya na hango shi a saman kabet, an jingine shi shi kaɗai. Na san shi tun daga ƙofa. A kusurwar hagu akwai gashin buroshi guda da ya maƙale a shafa ta bakwai, na yi ta fama ban iya cire shi ba. Hajiya Lami ta sauko da shi tana nuna wa dangin ango. "Ɗan Turkiyya ne, ɗana ya aiko da shi daga Malaysia." Sai ta juyo gare ni. "Yawwa Rabi, ke da kika je can ƙaro ilimi, duba ki gani. Za ki iya kwaikwayon wannan? Ina son na kicin, kada a lalata mai tsadar."

Tiren yana hannuna, farcena yana kan gefen sitikar. Ɗagawa ɗaya ya rage. Amma ga dangin ango sun zuba ido, ga amarya tana murmushi, ni kuma ba zan tsinka uwa a ɗakin 'yarta ba. Na ce zan gwada.

Mako uku na yi a kansa. Zane ɗaya, shuɗi ɗaya, wannan karon ko gashin buroshi babu. Na kai mata. Ta sa aka ɗauko na amarya ta jera su, ta dubi wannan ta dubi wancan, ta ce, "Gaskiya kin yi ƙoƙari, Rabi. Amma ke ma kin gani, hannunsu daban ne. Namu sai a hankali."

Na dawo gida. Ragowar tire tara da na dawo da su daga Malaysia suna nan jingine a bayan ƙofa, ba wanda ya tambaye su. Na buɗe durowa na ɗauko naɗin Nura, na ɓare guda ɗaya. Daidai girman sunana take, kamar an auna. Na manna ta, na aika tiren shagon wata mai kayan ɗaki a cikin gari. Kafin la'asar ta kira ni tana tambaya ko akwai saura.

Kun ce in ba ku labarin abin da na koyo a Malaysia. Sauran takwas ɗin ma sun tafi. Har yanzu ina rubuta "Rabi, Kano" kafin banish na farko, hannuna ya ƙi dainawa. Duk wadda ke da tire mai shuɗin ido a falonta, in ta ga dama ta sa farce ta ɗaga.